Likitan Hanji Ya Ƙi Kwanciya

Mahaifinmu mahauci ne, kuma a duk sana'arsa babu abin da ya tsana kamar wankin hanji, don haka tun Yaya yana ɗan makaranta aka ɗora masa. Da ya taso daga makaranta zai tarar da bokiti yana jiransa a bayan rumfa. Ni ce autar gidan, tsakanina da shi akwai mutum huɗu, amma har yanzu ina iya ganinsa tsugune a bakin famfo, ya naɗe hannun riga, yana juya hanji cikinsa ya koma waje da ɗan siririn sanda, yana leƙawa sai ka ce an ɓoye masa wani abu a ciki. Yara su toshe hanci su wuce. Shi ko a jikinsa.

Inna ce abin ke ci wa rai. Ta rantse ɗanta na fari ba zai ƙare a bayan rumfa yana ƙarni ba, ta tsaya masa a kan karatu tsayin daka, har Allah Ya sa ya zama likita. Da ya ƙara gaba ya zama likitan tiyata, duk wanda ya shigo gidanmu sai ya ji, ko da gishiri ya zo aro. Wata rana maƙwabciyarmu ta tambaye shi a gaban Inna, wai wane ɓangare na jiki yake yi wa aiki, zuciya ko ƙwaƙwalwa.

"Hanji," in ji shi. "Babban hanji da dubura."

Maƙwabciya ta yi sallama ba shiri. Inna ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Duk jikin ɗan Adam, ga kai, ga ido, ga zuciya, ka rasa inda za ka tare sai nan? Na raba ka da na akuya ka koma na mutane?"

Ya yi dariya ya ce ai na mutanen ya fi buƙatar mai dubawa. Inna ba ta yi dariya ba. Har ta koma ga Allah, in an tambaye ta cewa take likitan ciki ne, mu ma haka muka riƙa faɗa. In yana kusa kuwa sai ya gyara mana zance da ƙarfi, yadda na nesa ma zai ji.

Yaya bai san inda ake tauna magana ba. Ranar da wanda zan aura ya fara zuwa gaishe shi, bawan Allah ya sha wanka ya zauna a gefen kujera yana sunkuyar da kai, sai Yaya ya matso ya ja masa fatar ido ƙasa ya leƙa, ya ce, "Kai, jininka bai cika ba. In ka zaga, wane launi kake gani?" Ina bayan ƙofa da farantin kofuna. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin ya aure ni duk da haka, amma har ya rasu bai taɓa yarda sun zauna su biyu da Yaya a ɗaki ba.

Shekarunsa na farko a asibitin koyarwa yanka kawai yake, kuma kowa ya shaida hannunsa. Sai dai ya riƙa dawowa gida rai a ɓace. Matarsa ta ce mini wani lokaci ko abinci ba ya iya ci. Abin da ke damunsa shi ne, yawancin masu ciwon dajin hanji ba sa zuwa sai ƙarin ya toshe hanya, ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa. Ya buɗe, ya ga abu ya riga ya bazu, ya mayar ya ɗinke. Daga nan ya fara tsare kowane majiyyaci da tambaya, yaushe ka fara ganin jini. Wani ya ce bara, wani ya ce tun matarsa na da cikin yaron da yanzu ke gudu. Me ya hana ka zuwa? Sai a dubi ƙasa. Kusan kowa ya ce wa kansa basir ne, ya sha abin da ya samu, don kada wani ya ce masa tuɓe wando.

A nan bincikensa ya samo asali. Akwai gwajin da ke nuna jinin da ya ɓuya a bayan gida tun ido bai fara ganinsa ba, sai ya ce maimakon ya jira mutane su zo a makare, shi zai bi su. Ya cika bayan motarsa da ƙananan kwalabe da wata babbar kula mai ƙanƙara, ya riƙa zagaya masana'antu da tashoshin mota da ofisoshi. Babban likita, da farar riga, yana tsaye a gaban direbobi yana nuna musu yadda za su ɗebi ɗan kaɗan su sa a kwalba su rufe. Suka sa masa suna Mai Kwalba. In na bi ta tasha aka ce ga ƙanwar Mai Kwalba nan, sai in ƙara sauri kamar ba da ni ake ba.

Akwai lokacin da firizar ɗakin gwaje-gwajensu ta lalace, ya rasa inda zai kai kayan aikin da ya sha wuyar tarawa. Sai ya kawo su gida. Matarsa ta buɗe firizarta za ta ɗauki nama, ta ga kwalabe jere reras, kowace da lamba. Ta tambaya, ya gaya mata gaskiya, don ƙarya ba ta cikin halinsa a lokacin. Ranar a gidana ta yini tana kuka tana dariya, kuma firizar nan kyauta ta bayar da ita, ba ta ƙara sa ko ruwa a ciki ba.

Amma aikin ya yi amfani, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Wanda gwaji ya nuna jini, sai a kira shi a leƙa hanjinsa da wani dogon tiyo mai fitila da kyamara a kai, ana gani a allon talabijin. Sau da yawa ɗan tsiro ake tararwa, bai kai ƙwayar wake ba, a tsinke shi nan take mutum ya sa wandonsa ya koma gida. Yaya ne ya kafa ɗakin wannan aiki a asibitinsu, da na'ura guda ɗaya da ya yi ta naci har aka sayo. Shi ya koya wa likitocin farko aiki da ita, na farko suka koya wa na bayansu a gabansa. Ya rubuta abin da ya gano, aka buga, aka riƙa gayyatarsa taro nesa da kusa. Sai da ta kai duk wanda ya iya riƙe tiyon nan a garinmu da garuruwan da ke kewaye, ta hannunsa ya bi. Yana ce musu 'ya'yana, suna ce masa Baba.

A cikinsu akwai wadda ya fi ji da ita. Bahaguwa ce, kuma da wannan sunan yake kiranta har ya bi ta. Da ta zo koyon tiyata, manya suka ce ta nemi wani fanni, wai kayan aikin duk na 'yan dama ne. Yaya ya koma gida ya ɗaura zare a hannun kujera, ya yi ta koyon ƙulli da hagu har ya iya, don ya samu ya koya mata. Yakan sa ta kuka da faɗa, ya dawo gida yana yabonta kamar shi ya haife ta. Ita ce daga baya ta zama shugabar ɗakin. Ni Gwaggo take ce mini.

Faɗan nasa bai tsaya kan ɗalibai ba. Na taɓa raka wani maƙwabcinmu wurinsa, dattijo mai gyaran agogo, na ga abin da idona. Ɗalibai sun kewaye gado, Yaya ya gama dubawa ya cire safar hannu ya jefa a kwando.

"Shekara guda kana ganin jini ka zauna? Me ka tsaya jira?"

"Likita, wurin ne... da nauyi."

"Nauyin me? Ni fuskarka nake kallo? Gobe in na gan ka a hanya ba zan gane ka ba. Ka zaɓi kunya a kan ranka, ga shi yanzu ka haɗa mu da aiki."

Dattijon ya yi tsuru-tsuru, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. A hanya na ce wa Yaya ya riƙa sassautawa. Ya ce lallashi ya kashe mutane da yawa, gara su ji haushinsa su rayu. Haka yake faɗa a rediyo ma, don sun ba shi fili duk mako, kuma mutane na son shirin saboda yana kiran komai da sunansa.

Bayan matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma aiki ya yi nisa da su, ni ma nawa mijin ya rasu na bar koyarwa, sai na koma gidansa da zama. Tsofaffi biyu, muna faɗa a kan gishiri da ƙarar rediyo. Ni ke kula da girki da wanki. Shi ya sa ni na fara lura.

Da farko gajerun wandunansa na ciki suka daina zuwa kwandon wanki. Mutumin da bai taɓa wanke ko hankici ba, sai ga shi yana wanke su da kansa, kuma ba ya shanya su a igiya, sai a bayan ƙofar ɗakinsa. Ya ajiye wandunansa masu haske ya koma baƙaƙe. Ya riƙa daɗewa a banɗaki, ya fito, ba a jima ba ya koma. Na ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Sai wata safiya na shiga wanke banɗakinsa na ga ɗigo a gefen masai, ta baya, inda bai lura ba. Na tsaya da burushi a hannu. Duk abin da ya shekara yana lissafa wa mutane a rediyo, ga shi a gidanmu.

Ban san akwai magana mai nauyi kamar wannan ba sai da na zo yin ta. Yayana ne, shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta. Ta ina zan fara? Na kawo masa shayi da burodi, na zauna ina juya cokali a kofin da babu sukari.

"Yaya, na ga wani abu a banɗakinka."

Bai ɗago daga jarida ba. "Sai ki wanke."

"Jini ne."

Ya ninke jaridar a hankali. Fuskar nan ya ɗaure ta tamau.

"Basir ne. Tsayuwar tiyata ke kawo shi."

"Kai da bakinka ka ce kowa haka yake cewa."

"Auta, ke ce likitan ko ni?"

"Kai ne. Shi ya sa nake cewa ka je Bahaguwa ta duba ka."

Ya ajiye kofin da ƙarfi har shayi ya zuba. "Yarinyar da na koya wa riƙe almakashi? Ita zan je in kwanta wa, in juya mata baya? Kin san me kike faɗa kuwa?"

"To wani daga cikin mazan."

"Duk 'ya'yana ne."

"To ka tafi wani gari."

"Wanne? Faɗa min garin da babu wanda ya zauna a ajina, ko ya ji ni a taro ina zagin masu zuwa a makare. Kafin in sa wando labari ya riga ni dawowa."

Na ce ya je wurin babban ɗansa, can babu wanda ya san shi. Ya ce ya je ya ce wa ɗan cikinsa me. Ya tashi ya ɗauki makullin mota, ya ce kada in ƙara tayar masa da zancen.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya sani. A makon nan na je na sami Bahaguwa a ofis. Ina magana ina kallon tebur, don ji nake kamar ina tuɓe shi a kasuwa. Ba ta katse ni ba. Da yamma sai ga ta a gida da ledar lemo, wai ta zo gaisuwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, suka taɓa hirar aiki, sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, na ga ka rame. Ko za ka shigo mu ɗan duba ka? Ni kaɗai, ba kowa."

Ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonsa ba. Sai ya yi wata dariya da ba tasa ba.

"Gwaggonki ce ko? Rabu da ita, tsufa ya fara taɓa ta. Maganin wanke masai ta gani ja, ta tayar da hankalin gari. Lafiyata ƙalau."

Mutumin da ya gaya wa matarsa gaskiyar abin da ke cikin firiza, yau ya shafa wa idonsa toka ya mai da ni mahaukaciya a gaban ɗalibarsa. Na ji zafi, amma kunyar da na ji masa ta fi zafin. Bahaguwa ba yarinya ba ce, tana kallon farin idonsa da wuyan rigarsa da ya yi masa yawa. Ta ce, "To Baba, Allah Ya ƙara lafiya," ta tashi. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta matse. Ta sake dawowa, ta aiko manya biyu daga cikin abokan aikinsa, duk ya sallame su da wasa da dariya. Ni kuwa ya daina yi mini magana sai ta kama dole.

Watanni suka yi ta wucewa a haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirin rediyon, don bai daina ba. Ina kicin ina yanka albasa, sai in ji muryarsa ta cika gidan, garau, yana cewa duk wanda ya ga jini kada ya kwana biyu bai zo ba, babu abin kunya a jikin da Allah Ya halitta. Mutane na bugo waya suna sa masa albarka. Ni kuwa na san abin da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinsa. Sai in miƙa hannu in kashe rediyon, in tsaya ina jin kamar ni ce na yi wa gari ƙarya.

Da lokacin ajiye aikinsa ya zo, asibiti suka shirya taron karrama shi. Babban zaure, an sa wa kujerun manyan baƙi fararen riguna, ɗalibansa sun zo daga ko'ina, wasu da furfurarsu. An zaunar da ni a layin gaba. Aka yi ta jawabi, wannan ya ce Baba ya ceci mahaifinsa, wancan ya ce Baba ya cire wa jama'a kunyar zuwa asibiti. Yana zaune a sama yana gyaɗa kai, na ga yana ta gyara zama. Sai aka kira shi ya karɓi lambar yabo. Ya miƙe, zaure ya ɗauki tafi.

A kan farar rigar kujerar da ya tashi, ga jini nan, faɗin tafin hannu.

Ban san ko mutum nawa suka gani ba. Na layin gaba dai likitocin hanji ne zalla, ba sa buƙatar a yi musu bayani. Na ga wani ya sunkuyar da kai, wani ya shiga gyara tabarau. Bahaguwa tana kujerar kusa da tasa. Ba ta ko juya ba, ta zare mayafinta daga kafaɗa ta yar a kan kujerar kamar zafi ya dame ta, ta ci gaba da tafi. Da ya gama godiya ya dawo zai zauna, ya ga mayafin. Ya tsaya. Ya dube ta, ita kuwa tana kallon gaba. Sauran taron a tsaye ya ƙarasa shi, ya jingina da bango yana riƙe da lambar a ƙirji.

Aka tashi muka koma gida. Washegari da safe ya fito ya same ni ina shara, ya tsaya a bayana ya daɗe.

"Auta. Kira ta."

Ta sa masa ranar da babu kowa a layi, ta sallami ma'aikatan ɗakin sai wata tsohuwar nas da suka fara aiki tare da Yaya. Ya ce in zauna a bayan labule kada in tafi, kada kuma in leƙo. Ina jin ƙarar bel ɗinsa da ya kwance, ina jin gadon ya motsa. Ta ce za ta yi masa allurar barci, ya ce a'a, a juyo masa allon yana so ya gani. Can na ji muryarsa, ta malami, kamar ba shi ne a kwance ba.

"A hankali. Ƙara iska kaɗan. Kin cika gaggawa, tun kina ƙarama nake gaya miki."

"To Baba."

"Yauwa. Bi ta gefen nan. Ɗaga kan..."

Maganar ta yanke. Babu abin da ake ji sai ƙugin na'ura. Na ƙirga fale-falen ƙasa na rasa inda na tsaya. Sai shi da kansa ya faɗi sunan abin, da inda yake, da yadda ya kusa zagaye hanjin, tiryan-tiryan kamar yana karanta wa aji. Ya ce ta ɗebi nama a kai gwaji. Na ji ta ce wa nas ta miƙo wani abu.

Da suka gama, sai na ji ya ce, "Ba za ki yi min faɗa ba?"

"A'a, Baba."

"Da wani ne da na wanke shi tas."

"Na sani, Baba. Ga wandonka."

Ita ta yi masa tiyatar, da hannun hagun nan. Ta fito ta same ni a benci, ta cire hular aiki ta zauna kusa da ni. Ta ce ta cire abin da zai ciru, amma ƙarin ya yi ƙasa sosai, dole ta rufe hanyar ta fito da bakin hanji ta gefen cikinsa, zai riƙa amfani da jakar roba. Ta ce kuma ta ga ɗige-ɗige a hanta. Za a yi magani, zai sami lokaci, amma ba mai yawa ba. Na tambaye ta abin da bai kamata in tambaya ba, da ya zo da wuri fa. Ta murza hular a hannunta.

"Gwaggo, irin wannan ba ya girma a wata ɗaya ko biyu. Da farkonsa ne, da tsinkewa zan yi ya tuƙa motarsa ya koma gida."

Ya warke daga yankan, muka dawo gida. 'Ya'yansa suka zo suka koma. Ɗalibansa kuwa kullum suna hanya, amma ya ce kada in bar kowa ya shigo. Sai in tsaya a ƙofa in ce yana barci, su ajiye 'ya'yan itace su tafi, sun san ba barci yake ba, ni ma na san sun sani. Ya sa wa ɗaruruwan mutane irin jakar nan, ya ce musu su ɗaga kai su shiga jama'a, amma shi ko falo ba ya fitowa in ya ji baƙuwar murya. Da kansa yake canza ta, ƙofa a kulle. In jakar ta yi ƙara muna zaune, sai ya yi tari ya rufe, ni kuma in yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin kujera.

Maganin da ake ɗura masa ya sa yatsunsa suka mutu, ko maɓallin riga sai ya yi ta fama. Wata rana da hantsi ina shanya, na ji ya kira ni. Ba irin kiran da ya saba ba.

Na tura ƙofa. Yana zaune a bakin gado ba riga, jakar ta ɓalle ta gefe, ta ɓata masa wando da zanen gado. Sabuwar tana hannunsa, ya kasa ɓare takardar da ke bayan gam ɗin. Ɗakin ya ɗauki wari. Ya kau da kai wajen taga.

Na ɗebo ruwan ɗumi da auduga na durƙusa a gabansa. Karo na farko ke nan da na ga wurin, ja, ɗan dunƙule, ɗinkin gefensa tsaf. Ina gogewa yana gaya mini yadda ake yi, daga waje zuwa ciki, a bushe fatar sosai. Haƙarƙarinsa duk a waje.

"Auta," ya ce, har yanzu yana kallon taga. "Ban taɓa zaton basir ne ba. Ko na rana ɗaya."

Hannuna ya tsaya.

"Tun kafin ki ga komai na sani. Kina tsammanin ban je ba? Na je. Ban san sau nawa ba. In fito daga ofis da niyya, in bi barandar nan har ƙofar ɗakin, na shirya abin da zan ce. Da na tura ƙofa sai duk su miƙe tsaye. Wannan ya jawo min kujera, wancan ya karɓi jakata, sannu da zuwa Baba, Baba zo ka ga wannan, Baba me kake gani a nan. Sai in ce na zo duba aiki ne. In duba musu, in gyara musu, in fito."

Na so in yi masa faɗan da na tara, ga shi a bakina, amma ya ƙi fita. Hawaye na bin gefen hancinsa yana ɗiga a ƙirji, bai share ba.

"Sun miƙe min tsaye, Auta. Ta yaya zan ce musu ni kwanciya na zo yi?"

Na karɓi jakar daga hannunsa na ɓare takardar. Ya kamo yatsuna da nasa masu sanyi ya ɗora su a inda bakin jakar zai zauna.

"Danna nan," ya ce. "Riƙe, kada ki saki sai ya kama."